Kwalba Mai Jan Zare

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya zaman Ikko? Inna da Baba lafiyarsu ƙalau, alhamdu lillahi.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina son Malam Sani, malamin firamaren nan mai sayen man gyaɗa a gidanmu. Yanzu kuɗi ya shigo gari, kowa lemo yake sha, Inna kuwa ta hana a mayar da kwalabenmu, a ciki muke zuba mai. Kwalbarsa ni nake wankewa da yashi da toka har ta yi ƙyalli, in toshe da totuwa. Na ɗaura mata jan zare a wuya, wai don kar ta ɓata. A littattafan da nake karantawa, da abin da bai kai wannan ba saurayi yake ganewa.

Ran Juma'a na shiga ɗakin ƙawata Talatu, sai ga kwalbar nan da zarena, cike da zuma. Ta ce, "Malam ne ya kawo min daga Lajawa. Dubi, har ado ya yi mata. Ke kina nan kina karatu." Ta ɗiga min a yatsa, na lasa, na ce da daɗi.

Da me ta fi ni, Yaya? Ko kwalba ba ta iya wankewa ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutanen gida. Na so in cusa takardar nan a murhu, amma ga direban motar Ikko yana sallama a zaure. Bari in miƙa masa kafin kunya ta dawo.

Ƙanwarki,
Rabi