Da tafin hannu nake auna jinin surukata

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, zuciyata ta riga ku.

Ni dama tun da na haihu nake tsoron hanyarmu ta zuwa Bukkuyum. Ko ƙarar babur na ji daga daji sai in ɗauke jaririyata in goya. Sai ga shi an ce Inna, uwar mijina, tana da hawan jini, a riƙa kai ta asibiti ana aunawa duk wata. Maigida yana wajen haƙar zinari can gefen Anka, ni ya bar wa amanar rakiyarta.

Karo na biyu da za mu je, mai babur ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ce an ga mutanen daji a gaba. Muka juyo. Tun daga ranar ƙafata ta ƙi hanyar nan. Da wata ya zagayo Inna ta ce, “Ɗiyata, ba mu tahiya?” Sai na ɗora hannu a goshinta yadda nake wa jaririya in tana zazzaɓi, na ce, “Inna, jikinki sanyi ƙalau, jinin ya kwanta.” Ta yi dariya ta ce, “Ashe likita gare mu cikin gida!” Alhali da kunnena na ji malamar asibiti ta ce ciwon nan ba ya zafin jiki, sai an ɗaura abin awo a dantse. Maganin da aka ba ta ya ƙare, na yi shiru. In maigida ya bugo ya ce, “Kun je?” sai in ce, “Mun je, an ce da sauƙi.” Ina na samo wannan bakin?

Yanzu kullum da safe ita ke miƙo mini goshi: “Zo ki auna ni.” Shekaranjiya ludayi ya suɓuce mata cikin fura, ta ce sanyi ne. Yau da take addu'a bayan salla na ga gefen bakinta bai bi ɗayan ba, maganarta tana nauyi. Ta sake miƙo goshin, na kasa taɓawa.

In na faɗa wa maigida, da wane ido zai dube ni? In mun hau hanya aka tare mu, wa zai shayar da 'yata? In na zauna fa?

Ku da kuka san ciwon nan, ku gaya mini gaskiya, zai jira har hanya ta lafa? Me zan yi?