Batirin da Ya Kai Ni Kwana Gulma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan rahamar Allah na tare da ke a makwancinki. Ɗiyarki Kulu ce ke rubuto miki daga unguwar Badariya. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai labarin da ke kika fi kowa cancantar jinsa.

Inna, ashe abin da ya dame ki shekara da shekaru ciwo ne, kuma likitoci sun san shi.

Kin tuna shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, aka maido ni daga Sakkwato da aikin buga takardu a ofis? Gari ya cika da ma'aikata, da ƙyar muka samu ciki da falo. Kika baro Gulma kika zo taya ni renon ɗana Nasiru. Sai in dawo aiki in tarar da ke a tsakar gida da faifan shinkafa a cinya, kanki ya langaɓe, kaji na ta cin rabonsu. In na taɓa ki sai ki buɗe ido ki ce, "Ba kwana ni kai ba, tunani ni kai." Mu yi ta dariya.

Minsharinki ma dariya muka maishe shi. Yakan yi ƙarfi, sai ya yanke, ɗaki ya yi tsit, can sai ki ja numfashi kamar wadda ta fito daga ƙarƙashin ruwa. Da safe ki ɗaure kai tamau da kallabi saboda ciwon kai. Muka ce gajiya ce, wasu suka ce girma ne ya zo. Haka aka yi ta tafiya har safiyar da Yaya Hajo ta shiga ɗakinki a Gulma don ta tashe ki sallah, ba ki tashi ba.

To, ni ma na gado ki. Malam, surukinki, shi ya fara lura, ya matsa sai da muka je asibiti a Sakkwato. Suka kwantar da ni suka auna barcina, suka ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci, numfashi ya riƙa ɗaukewa. Na ba likitan labarinki. Ya ce ba zai rantse shi ne sanadi ba, ajali na Allah ne, amma alamun duk iri ɗaya ne. Suka haɗa ni da wata na'ura, girmanta bai wuce ƙaramar rediyo ba, da tiyo da abin sawa a hanci. Iska take hurawa a hankali don kada maƙogwaro ya rufe. Tun da na fara kwana da ita na daina gyangyaɗi a kan sallaya.

Aibinta ɗaya, da wutar lantarki take aiki, kuma wutar garin nan tana nan yadda kika bar ta. In aka ɗauke, iskar ta tsaya, sai in farka kamar an toshe mini hanci. Mun ɗan lallaɓa da janareta, amma hayaƙinsa na shigowa ta taga, ga maƙwabciyarmu da jariri. Sai na riƙa haƙuri, ran da aka samu wuta in yi barci, ran da babu in wuni da nauyin kai.

Ana nan sai Yaya Hajo ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aure nesa. Na riƙa zuwa Gulma da safe in komo kafin magariba, don can wuta sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai ran nan ina ɗaura mayafi ta ce, "Kulu, ke ma baƙuwa kika koma." Maganar ta tsaya mini a rai, na ajiye mayafin na kwana haka nan ba na'ura.

Washegari da hantsi ina ba ta kunu, barci ya sace ni da ludayi a hannu. Kunun ya zube a zanenta. Da na farka sai na ga tana kuka ba sauti. Ta ce jiya ta ji numfashina na yankewa irin naki, ga shi ba ta da ƙafar da za ta taso ta girgiza ni. Ta ce, "Kada ki sake kwana nan sai da abin naki. Na tashi Inna ba ta tashi ba, ba ni iya na biyu."

Daga nan neman batir ya zama dole.

Malam ya fara da abin da ke kusa. Ya ciro batirin motarsa ya haɗa da inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Na'ura ta tashi, muka yi murna. Kafin asuba ta mutu, da safe kuma mota ta ƙi tashi, sai da maƙwabta suka tura shi har bakin titi. Da kina nan da kin yi dariya har da hawaye, don yana ta ce musu motar ce dama ke da halinta.

Na kira ma'aikaciyar asibitin da ta koya mini amfani da na'urar, ta yi mini bayani dalla-dalla. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi sau ɗaya a tayar da inji, in ana tsotse shi har ƙasa lalacewa yake yi. Ta ce in duba jikin na'urata in san wutar da take ci, in nemi batirin da zai ɗauke ta dare guda har ya yi saura. Ta ce in samu wayar da ke haɗa na'ura da batir kai tsaye, don inbata ma yana cin nasa kason. In kuma ina kan batir, in kashe wurin da ke ɗumama ruwa a jikin na'urar, shi ya fi komai shan wuta.

Muka shiga kasuwa ni da Malam. Aka nuna mana manyan batura na sola, masu riƙe wuta sosai. Malam ya so su, don har fanka da fitila za su ɗauka. Na gwada ɗaga ɗaya, ko motsi bai yi ba. Na tuna motar Argungu da yadda ake cusa mu, na tuna babur ɗin da ke ƙarasa da ni Gulma. Sai mai shagon ya ɗauko wani ƙarami mai mariƙi kamar kular abinci, da faifan sola mai naɗewa da ake shanyawa a rana. Ba zai ɗauki fanka ba, ba zai ɗauki komai ba sai na'urata. Malam ya dube ni ya ce gida ya fi buƙatar babban. Na ce masa ni wanda zan iya rungumewa a cinya nake so. Daga ƙarshe shi da kansa ya ɗauko mini shi zuwa mota.

Ban yarda da shi haka kawai ba. Na yi sati ina kwana da shi a gida ko da akwai wuta, kullum gari na wayewa da sauran caji. Sannan na haɗa kayana.

A ɗakinki na sauka, Inna, don nan aka mayar da Yaya. Gadonki na ƙarfe na nan, ita ke kai, ni na shimfiɗa katifa a ƙasa. Da na sa abin a hanci ta yi dariyar da rabon ta da yi tun kafin ta faɗi, ta ce na koma kamar mai shirin nutso a kogin Matan Fada. Da safe na shanya faifan a kan rumbu, kusa da albasar da ake busarwa. Yanzu nakan yi kwanaki a wurinta. Ni ke yi mata wanka, ni ke murza mata hannu da man zafi. Ta fara takawa da sanda har bakin ƙofa, tana cewa sai ta ga yankan shinkafar bana da idonta.

Jiya kafin in taho ƙanwarki Goggo Luba ta shigo dubiya. Ta juya na'urar, ta ɗaga batirin, ta ce mu 'yan birni ba mu rasa abin ɗora wa kai. Da na rako ta zaure sai ta riƙe hannuna, ta rage murya ta ce, "Kulu, likitan nan naku, yana duba tsohuwa?" Ta ce jikokinta sun daina kwana ɗakinta saboda minshari, kuma ita ma kullum da ciwon kai take tashi. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai ta Sakkwato.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ba ki hutun da ba ki samu ba a duniya. Ya ba Yaya lafiya, ya sa Goggo ta dace, ya haɗa mu da ke a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Kulu