Ba Zan Ɓoye Makullin Babanku Ba

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a aikinka, Ya raya mana yaran. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da danna waya. Ƙafar gwaggonka ta yi sauƙi, har ta koma yawonta na gidajen mutane.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Saƙonka ya iso ta bakin baffanka: wai in ɗauke makullin sabon babur ɗin babanku in ɓoye, shi baffan ya nemo mai saye, kai kuma ka aiko da mota da direba. To ga amsata tun da wuri don kada ka sha wahalar jira. Ba zan ɓoye ba.

Kai ba ka nan, bari in gaya maka abin da na gani. Ka san injunan maɗaba'a sun cinye wa babanku kunne kafin ya bar aiki. Abin ya ƙaru. Baƙo zai shigo falo, ya ɗaga murya ya gaishe shi kamar mai kiran wanda ke tsallaken titi, sai ya juyo ya ci gaba da hira da ni. Idan aka yi dariya, babanku ya duba fuskoki, sannan ya yi tasa bayan kowa ya gama. Ya daina fita wajen abokansa. Na'urar kunnen da ka aiko, Allah Ya saka da alheri, ya ce ƙarar cokali da maganar mutum duk ɗaya take mayar masa, tana cikin durowa. Ina kallon mijina yana ƙanƙancewa a kujera, wanka ma sai na yi masa magana.

Ranar da aka kawo babur ɗin, ni ma faɗa na yi. Abu ne jibgege, ruwan toka, da gilashi a gaba mai tare iska da akwatuna biyu a gefe. Na ce masa wannan ai na masu dogon zango ne, shi ina za shi? Bai ji ni ba, ko kuma ya ga dama ya ƙi ji, yana ta shafa tanki da gefen rigarsa. Ba zan yi maka ƙarya ba, yana da nauyi. Juya shi a tsakar gida sai da gumi, kuma rannan ƙafar jinginarsa ta nutse a ƙasa mai laushi, sai da makaniken layinmu ya kama masa suka tayar. A cunkoso zafin injin yana gasa ƙafa. Kujerar baya kuwa tsawo gare ta, hawa sai na taka ƙarfe na dafa kafaɗarsa, kamar mai hawa katanga.

E, na hau. Ka karanta da kyau, uwarka ce ta hau. Wando na sa a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗora hular kwano a kan hijabi, Auta tana dariya har da riƙe ciki. A cikin gari ina ta salati. Amma da muka fita babbar hanya, nauyin nan duk ya tafi. Babur ɗin ya miƙe lif, ba girgiza, ramin da a mota sai ka ji shi a ƙugu ya haɗiye shi. A kwana ya kwanta gefe, sai ga shi ya tashi da kansa. Wanda ya sayar masa ya ce kada a matsa wa sabon inji sai ya saba, kuma babanku ya kiyaye, ko da yake ina jin hannunsa yana ƙaiƙayi.

Ga abin da nake so ka gane. A kan babur, da hula da iska, babu mai jin wani. Ni ma kurma ce a can. Tun kafin mu tashi ya tsara mana yadda za mu yi magana: in dafa kafaɗarsa ta dama in na ga abin kallo, in bugi cinyarsa in ya rage gudu, in matse shi in ina so ya tsaya. Shi kuma ya taɓa gwiwata in rami na tafe. Ɗana, mun yi hira a hanyar nan wadda rabonmu da irinta tun kafin ka yi aure. Da muka tsaya shan ruwa a gindin wata bishiya, ya cire hula yana dariya, shi ya fara, ni na bi. Na juya baya na share hawaye don kada ya gani.

Ba na ce babu haɗari ba. Duk fitar da zai yi gabana yana faɗuwa. Amma likita ya duba idonsa ya ce ras yake, kuma ban taɓa ganin mai kallon madubi kamarsa ba. Kai ɗin nan da ke ba da umarni, a kan tankin tsohon babur ɗinsa ka yi firamare, kana riƙe da madubi kana ƙaho da baki. Na auna tsoron hanya da tsoron kujerar falo, na zaɓi wanda zan iya ɗauka.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda saƙon ya zo. A falo baffanka ya faɗe shi, babanku yana zaune a gabansa. Ya yi bayanin ɓoye makulli, ya faɗi wanda zai saya, shi kuwa bawan Allah yana murmushi yana gyaɗa kai, har ya tashi ya zuba masa shayi. A gaban idonsa ake sayar da kayansa, yana yi wa mai sayarwar sannu da zuwa. Wallahi ban san lokacin da na ce wa baffanka ya shanye ya tashi ba. Har yau babanku bai san abin da aka tattauna ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Makullin yana rataye a ƙusar bayan ƙofa, inda kowa ke gani. In har kana ganin ya kamata ya rabu da babur ɗin, kada ka sake bi ta baffa, kada ka bi ta kaina. Ɗauki biro ka rubuta masa da hannunka. Kunne ne ya tafi, karatu yana nan, kuma ya daɗe ba wanda ya gaya masa magana shi da kansa.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da ɗan angona mai giɓi, da 'yar jaririya. Gwaggonka da Auta suna gaisuwa. Babanku ma yana gaishe ka, yana waje yana goge gilashi. Da ya ga ina rubutu, ya ce in tambaye ka ko ƙofar gidanka tana da faɗin da babur zai shiga, don da zarar inji ya saba, wajenka yake so ya fara zuwa.

Allah Ya yi maka albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarka