Kakin Fareti Ya Ƙi Rufe Cikina, Ga Intabiyu Ya Matso

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma babu wanda zan iya faɗa wa wannan magana a wurin aiki.

Ni ma'aikaciyar kashe gobara ce. Na daɗe a aikin nan, waɗanda muka shiga tare duk sun wuce ni, har wanda na koya wa naɗe tiyo yanzu ni ke sara masa. Sai bana sunana ya fito cikin masu neman ƙarin girma. Mako mai zuwa zan tsaya gaban kwamiti, an ce kowa ya zo cikin kakin fareti, a goge, bel a ɗaure, kuma tun daga bakin ƙofa ake fara auna mutum.

Anti, ina da juna biyu, ya shiga wata na biyar. Kafin shi na yi ɓari har sau biyu, shi ya sa ni da maigidana muka ja bakinmu muka yi shiru. A tasharmu babu wanda ya sani, don kakin aikin yau da kullum yana da yalwa, yana rufa mini asiri. Abokan aiki na tsokanata wai na fara ajiye tumbin manya tun ba a ba ni muƙamin ba. Sai dai in taya su dariya.

Shekaranjiya na ciro kakin faretin daga akwati. Maɓallan ƙasa suka ƙi haɗuwa, bel kuma ramukansa sun ƙare. Na riƙe numfashi na ja, maɓalli ya tsinke ya gangara ƙarƙashin gado, na zauna a ƙasa na sha kukana. Tela ya duba ya ce babu sauran yadin da zai saki a ɗinkin. Sabo kuwa sai daga sito, mai sitonmu kuma magana ba ta kwana a bakinsa. Akwai wadda ta riga ni samun ciki a tasharmu, da cikinta ya fito aka mayar da ita ɗakin amsa waya, yaronta har ya shiga makaranta tana nan inda aka ajiye ta. Tsorona ke nan.

Jiya na samo ɗamarar da masu jego ke ɗaure ciki, na ɗaure tamau, kaki ya shiga. Ban daɗe a tsaye ba jiri ya kwashe ni, sai ga maigida ya shigo. Bai yi faɗa ba. Shi ya kwance ta da kansa, ya ce in dai sai da wannan, a bar musu girman su riƙe. Tun daga nan ko kallona ba ya iya yi sosai. Ban faɗa masa ba, amma har yanzu in ƙararrawa ta kaɗa ina hawa mota tare da kowa.

In daure in ɗaure na ɗan lokacin intabiyun kawai? In je da kayan gida? Ko in haƙura da abin da na yi shekaru ina jira? Ko barci ba na iya yi.

Ƙanwarki mai kaki

Amsa

Ƙanwata, da farko ki rabu da ɗamarar nan yau, ko na minti ɗaya kar ki sake ɗaura ta. Gobe da safe ki je asibiti, ki faɗa wa likita komai: jirin, ɓarin da kika yi a baya, da fitar da kike yi zuwa wurin gobara. Wannan fitar ta fi kakin tayar mini da hankali. Hayaƙi da ɗaukar nauyi ba naki ba ne yanzu, kuma abokan aikinki suna dogara da ke a cikin wuta ba su san halin da kike ciki ba.

Tsoronki ba na banza ba ne, kin ga abin da ya sami wata da idonki. Maigidanki ma ba adawa yake da ci gabanki ba, ya yi rashi sau biyu tare da ke. Amma ban yarda sai kin zaɓi ɗaya tsakanin ɗanki da muƙamin ba. Cikin wata biyar ba ya ɓoyuwa, gara su ji daga bakinki da ki yanke jiki ki faɗi a gabansu.

Ki sami shugaban tasharku ku biyu, ki faɗa masa, ki tambayi abin da ƙa'idarku ta tanada wa mai juna biyu, a aiki da kuma ranar intabiyu. Da izininsa ki karɓi kaki mafi girma, tela ya daidaita miki kafaɗa da hannu ya bar ciki a sake. Kayan gida kam a'a, sai in su suka ce. Ki goge kakin, takalmi ya yi ƙyalli, alamun muƙaminki su zauna daidai. Sauran kwanakin ki ba su ga bitar aikinki, don shi za a fi tambayarki. In aka tsallake ki saboda cikin, kina da bakin kai kuka sama, kuma kina da shaidar kin bi hanya.

Ki zauna da mijinki yau ki faɗa masa abin da kika ɓoye, ku tafi asibitin tare. Allah ya ba ki sa'a a gaban kwamiti, ya sauke ki lafiya, ki rungumi abinki.