Salifu Bai Hau Zem Ba

Zuwa ga Maigirma Shugaban kwamitin da ya shirya tseren gudun titi na bana, da sauran mambobin kwamitinsa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ku da iyalanku, da fatan gajiyar taro ta bi lafiya.

Yau Lahadi ce, hantsi bai gama ɗagawa ba. Na kwana da kumburin ƙafa, tarin da ya kama ni tun farkon damina kuma bai sake ni ba. Na faɗi wannan ne don ku san abin da ya hana ni zuwa ofishinku da kaina, domin an ce mini a saman bene yake. Sunana Malam Abdu, ina zaune a unguwar Zongo ta nan Cotonou, a tashar jirgin ƙasa na yi akawu har na aje aiki. Na yi lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin da ake tsoma alƙalami cikin tawada, kuma zan aiko muku da wannan takarda cikin Faransanci. Amma na fara da Hausa, saboda da Hausa ake yi wa mutumin da nake magana a kansa dariya, da Hausa kuma nake so a wanke shi.

Mutumin shi ne Salifu, ɗan ƙanwata marigayiya, mai shagon kayan babur a unguwar Sainte-Rita. Ya yi tserenku na kilomita ashirin da ɗaya, ya kai ƙarshe da ƙafafunsa, aka rataya masa lambar yabo kamar kowa. Da sakamako ya fito a waya bayan 'yan kwanaki, sai ga sunansa can ƙasa ba lokaci a gabansa, an rubuta cewa an cire shi. Abokan gudunsa suka je tambaya, aka ce musu ya bar hanya, kuma an gan shi wurin mai zem. A garin nan kowa ya san ma'anar wannan magana: wato ya hau babur ɗin haya ya rage wa kansa tafiya.

Na farko, ina so ku san ko wane ne kuka cire.

Salifu ba ɗan wasa ba ne, bai kuma taɓa sa ran cin kyauta ba. Ya haye arba'in, yana da tumbi da 'ya'ya huɗu. Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, shi ya kada mahaifinsa a bakin shago da rana tsaka. Da likita ya gaya wa Salifu cewa shi ma ya kama wannan hanya, sai ya sayi takalmin gwanjo a Saint-Michel ya fara gudu. Farkon fari mutane sun ɗauka wani abu ne ya koro shi. Magidanci da gajeren wando a titi ba abu ne da idon Zongo ya saba gani ba. Shi ya sa har yau dogon wando yake sawa, komai zafi.

Na san makonsa kamar yadda na san lokutan maganina, domin a bakinsa nake ji. Talata bayan sallar asuba yakan yi gajeren gudu mai sauri a unguwar Zogbo inda gidansa yake, kafin hayaƙin babura ya cika titi. Alhamis yakan je bakin teku ya yi fama da yashi, wanda ya ce yana shanye ƙarfin ƙafa kamar ana jan mutum ta baya. Juma'a hutu ne. Idan ruwa ya cika lunguna, sai ya nemi inda aka shimfiɗa duwatsu ya yi ta kai da komowa. Da azumi yakan rage, ya fita dab da magariba ya dawo ya sha ruwa. Lahadi kuwa ita ce ranar dogon gudu. Yakan taso daga Zogbo da duhun asuba, ya kewaya gari, ya ƙare a ƙofar ɗakina.

Wannan ƙofar ce ta sa ni cikin maganar. Matata ta rasu, 'yata tana aure a Parakou, abokan zamanina kuwa yawancinsu na raka su makwanci. Akwai maƙwabta na kirki masu aiko mini da abinci, Allah ya saka musu, amma aiko da kwano daban, zama daban. Mutum ɗaya ne yake zama da ni, shi ne Salifu. Yakan iso jiƙe da gumi, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsuguna ya gaishe ni, sannan in miƙa masa ruwan randa a kofin silba. Ya sha ya ce, Kawu, ruwan nan naka ya fi na firiji. Sai ya nuna mini agogonsa ya bayyana mini yadda gudun yau ya kasance, inda numfashi ya ƙi, inda kare ya bi shi, inda ya wuce wani saurayi da ya raina shi. Ni da ban iya zuwa masallacin unguwa sai da sanda, ta bakinsa nake sanin an gyara wane titi, an rushe wane gida. Burinsa guda ne a tserenku: ya gama kafin awa biyu ta cika. Tun bara yake faɗar wannan.

Na biyu, ga abin da ya faru, kuma a gabana ya faru.

Da na ji hanyar tseren za ta bi ta babban titin da ke gefen unguwarmu, sai na ƙudura zan je in gan shi. Ban gaya masa ba, don na san zai hana ni. Maƙwabcina Mumuni, wanda aikin zem yake yi, shi ya ɗora ni a bayansa da kujerata ta roba da gorar ruwan randa. Ya aje ni a bakin lungu, bayan shingen ƙarfen da kuka jera, ya kafe babur ɗinsa kusa da ni, yana sanye da rigarsa rawaya ta aiki.

Masu gudu suka yi ta wucewa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ina yaba muku. Na ga mata, na ga masu furfura, na ga wani mai ƙafa ɗaya a kan keke. Can sai ga Salifu da dogon wandonsa, bakinsa a buɗe, idonsa a kan titi. Ban yi niyyar kiransa ba. Mumuni ne ya ɗaga murya ya ce, Salifu, ga Kawunka!

Ranka ya daɗe, ban san yadda ake yi a gidanku ba. A gidanmu yaro ba ya ganin wan mahaifiyarsa a zaune ya ɗaga masa hannu ya wuce, ko da wuta ce take ci a bayansa. Salifu bai yi shawara da agogonsa ba. Ya ga wata 'yar kafa a shingen ya shigo ta nan, ya kwance igiyar takalmansa ya cire su kamar yadda yake yi a ƙofata, ya tsuguna a kan titi yana haki, ya tambaye ni yadda na kwana da yadda ƙafa take, ya kuma yi mini faɗan fitowa cikin rana. Na ce masa tashi ka tafi, lokacinka yana tafiya. Ya ce sai ya sha ruwansa tukuna. Na zuba masa, ya sha, na dafa kansa na sa masa albarka, ya mayar da takalmi ya ɗaure.

Kafin nan mutane sun cika kafar da ya shigo ta ciki, wata mai sayar da lemo ta kafa tirenta a wurin. Sai ya bi bayan shingen da gudu har ya sami wata kafar a gaba kaɗan, tazarar da ba ta wuce tsawon gida biyu ba, ya koma cikin masu gudu. Daga baya aka bayyana mini cewa a daidai wannan ɗan tsakanin kuka shimfiɗa tabarmar roba mai karanta ɗan abin da aka maƙala a bayan lambar kowane mai gudu. Salifu ya wuce ta gefenta, bai taka ta ba. A daidai lokacin kuma wata mata ta tsayar da Mumuni, na ce masa ya je ya kai ta ya dawo, kada ya rasa ciniki saboda ni. Ma'aikacinku da ke tsaye a tsallaken titi ya ga mai gudu ya shiga cikin jama'a kusa da rawayar riga, ya ga babur ya tashi da mutum a baya ya shige lungu. Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da idonsa ya haɗa masa ke nan. Amma wadda ke bayan babur ɗin mace ce da kwandon kifi a cinya.

Na uku, ina roƙon ku duba da hankalinku. Salifu ya gama bayan awa biyu ta cika da 'yan mintoci. Wato burin da ya yi shekara yana tashi da asuba saboda shi, ya kuɓuce masa, kuma abin da ya ɗora a kan awa biyun bai fi zaman da ya yi a gabana ba. Wanda ya hau zem ba ya makara. Ranar da yamma ya zo da lambar yabonsa ya rataya mini a wuya yana dariya, ya ce, Kawu, kai ka cinye mini mintocina, badi kada ka sake ka fito. Bai damu ba ko kaɗan, domin ya san inda lokacinsa ya tafi.

An gaya mini dokarku ta hana mai gudu fita daga shinge, ta kuma hana karɓar ruwa daga hannun wanda ba ma'aikacinku ba. Na yi aiki inda ake bin doka, ban raina ta ba. Jirgi ba ya tsayawa don direba ya ga kawunsa. Na yi ta juya wannan a raina cikin makonnin nan, har na yarda cewa mai yiwuwa kuna da hakkin hana shi lokacinsa. Idan haka ne, ku rubuta cewa an cire shi don ya tsaya ya gaida tsoho ya sha ruwa. Wannan hukunci ne da zai iya ɗauka ba tare da jin kunya ba. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a ce ya yi ha'inci.

Na huɗu, ku ji abin da kalmarku ta haifar. A Sainte-Rita yanzu Salifu Zem suke kiransa. Masu babur da ke sayen kaya a shagonsa sukan tsaya su danna ham su ce, Shampiyo, yau ina za a sauke ka? Su wasa suke yi. Amma mutum ne da ke sayar da kaya bisa amana, wanda idan ya ce wannan na asali ne wancan jabu, ake yarda. Abokan gudunsa ba su kore shi ba, sai dai ya ga yadda biyu daga cikinsu suka kalli juna, bai sake komawa ba. Matarsa ta kira ni ta ce ya jefa takalman a saman kabad, Talata da Alhamis barci yake komawa bayan asuba, ciwon kai na hawan jini da ya rabu da shi tun da ya fara gudu kuma ya dawo. Ni na wanke gawar mahaifinsa. Na san inda ciwon kan nan yake kaiwa.

Tun daga ranar da sakamakon ya fito bai zo nan ba. Yakan kira a waya ya gaishe ni a gajarce. Na san ba fushi yake da ni ba. Hanyar gidana ita ce hanyar gudunsa, kuma ba zai iya zuwa Zongo a bayan zem ba, ko sau ɗaya, ana kallonsa.

Na kira lambar ofishinku, wata baiwar Allah ta saurare ni da ladabi, ta ce hukuncin kwamiti ba ya canzawa. Saboda haka ga roƙona. Ku aiko mutum ɗaya ya zo Zongo, ya ji daga bakina, da bakin Mumuni, da na mai lemon, wadda har yau take nan a bakin titin. Ku duba hotunan da masu ɗaukar hotonku suka yi bayan wannan wuri, za ku gan shi yana gudu a kowane lungu na hanyar, shi kaɗai ne mai dogon wando baƙi da hular saƙa. Idan kun gamsu, ku cire maganar zem daga sunansa, ku sanar a inda kuka sanar da ta farko. Lokacin kuwa, ku mayar ko ku riƙe, wannan na bar muku. Badi kuma, idan za ku sake bi ta gefen Zongo, ku gaya wa masu gudu tun da wuri abin da zai faru idan sun tsaya gaisuwa, ku gaya wa tsofaffi irina su zauna nesa da shinge. Ni dai na ji, ba zan sake fitowa ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya albarkaci wannan aiki naku, domin aiki ne mai kyau, na gani da idona. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su tsaya su gaishe ku ranar da ƙafafunku suka gaza.

Wassalam.

Malam Abdu,
Zongo, Cotonou.

Ƙari: Jiya na sa an gaya wa Salifu cewa zan rubuta wannan takarda, ina so ya zo in karanta masa kafin ta fita. Ya ce in sha Allahu. Tun da safe na ɗauraye kofin na aje a kan murfin randa, na jawo kujera bakin ƙofa. Sau biyu na ji takun gudu a lungu, duka biyun ba shi ba ne. Yanzu an kira azahar. Bai zo ba. Zan bar kofin a inda yake.