Muryar Yaya Fatihu da Aka Cire daga Kaset

Tsamiyar Liman, Minjibir
Lahadi, 12 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Ummu Salma da yara. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ka daga sharrin wutar lantarkin da kake taɓawa kullum. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan maƙwabta ba sanda. Mun gama yankan gero a gonar bayan gari, ya yi kyau fiye da na bara, sai dai gyaɗa ba ta zuba yadda muka so ba. Dawa ta fid da kai, muna fatan ta samu ko da yayyafi ɗaya ne nan gaba. Huseina da yara suna nan ƙalau. Khaulat 'yar Yaya Fatihu ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, kuma a kanta ne rabin wannan takarda.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Alhaji Tahir alhali ga waya. Sau uku ina kiranka a kan maganar nan. Na farko layi ya katse, na biyu kana kan aiki, na uku kuwa dariyarka ba ta bar ni na kai ƙarshen zance ba. Ka san ni, in ba a rubuce ba, magana warwatse mini take yi. Don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka kira.

Ranar Laraba, ɗaya ga wata, saƙonka ya shigo guruf ɗinmu na tsofaffin 'yan kallo, kana murna cewa bayan shekara talatin ka gano shirin nan na jirgin sararin samaniya da muke kira Masu Neman Damina. Ka turo kashi goma sha uku cif, sannan ka turo abin da aka kwafo daga kaset ɗin da na aiko maka. Nan take na sa a kunne. Kiɗan buɗe shirin ya fito tas, ƙarar injin jirgin ta fito tas, Turancin 'yan wasan ya fito tas. Na saurara minti arba'in da ɗaya, na sake maimaitawa. Babu Yaya Fatihu a ciki, Allah ya jiƙansa. Da na tambaye ka, ka ce mai shagon da ka kai wa kaset ɗin ya sa na'ura ta share surutun da ya danne sautin, da haka ne ma aka iya gane shirin. Tasi'u, wannan surutun shi ne yayanmu. Da na ce to ina kaset ɗin, sai ka ce yana can shagon, in dai ba su zubar ba. Tun ranar kalmar nan ta ƙarshe take ci mini rai.

Wataƙila kai ka manta yadda aka yi kaset ɗin, don shekararka tara a lokacin. Ni ina da sha biyu, kuma a shekarar na fara rubuta abin da ya faru kullum, don haka na duba. Daminar 1995 ce. Talabijin ɗin Kawu Yahya mai baƙi da fari, a kan turmi a kife a ƙofar zaure, kowace Asabar bayan la'asar. Batirin mota ne ke ba shi wuta, wanda ake kaiwa caji Minjibir a bayan keke. Eriya tana kan doguwar gora, in iska ta juya ta sai hoto ya zama tsaki, a yi ta ihu ana cewa a ƙara dama, a dawo hagu. Duk cikinmu babu mai jin Turancin, sai Yaya Fatihu ya zauna a gefen akwatin, ya juyo rabin fuskarsa wajenmu, yana fassarawa. Shi ya gaya mana cewa fari ne ya cinye ƙasarsu, suka ɗauki irin gero a jirgi suna bin taurari ɗaya bayan ɗaya suna neman inda ake ruwa. Shi ya raɗa wa shugaban jirgin Malam Dogo, mutum-mutumin ƙarfen nan kuma Tukunya. Wata Asabar ya ɗauko rediyon Baba, ya cusa takarda a ramukan wani kaset na wa'azi, ya naɗi shirin da fassararsa a kai. Na rubuta cewa Baba ya yi masa bulala shida, ni biyu don na riƙe rediyon. Kai ka gudu gidan Kawu.

A watan Yuli da soron Baba ya yi yoyo, muka fito da adakarsa, sai ga kaset ɗin a ƙasan takardun gona, an naɗe shi a tsumma. Ashe bai yar ba. Duk garin nan babu rediyo mai kaset da ke aiki, sai na kai wa wani mai gyara a Minjibir. Minti ɗaya na ji. Na ji Yaya yana cewa a yi shiru Tukunya zai yi magana, na ji tarin Kawu, sai rediyon ya fara tauna zaren, na yi wuf na kashe. Na dawo gida ban iya cin tuwo ba. A ranar na yi abin da nake nadama, na gaya wa Khaulat cewa an samu muryar babanta, kuma za ta ji. Ka san wata huɗu gare ta da ya rasu. Hoto ɗaya take da shi, na katin makaranta. Ba mu da wata murya tasa a ko'ina, ko a waya, ko a bidiyon biki. Yarinyar nan ba ta da yawan tambaya, amma tun daga Agusta, duk ranar da ta dawo makaranta sai ta tsaya a ƙofar ɗakina ta gaishe ni, ta ɗan jima ba ta tafi ba. Na san abin da take jira.

Kwana uku ina fushi da kai. A na huɗu na ɗauko littafina na duba abin da na rubuto maka ranar tara ga Agusta, don nakan kwafi duk takardar da na aika. Ga abin da na ce: ga kaset ɗin nan, a duba ko za a iya gane shirin daga kiɗansa. Shi ke nan. Ban ambaci Yaya ba, ban ambaci Khaulat ba. Na ɗauka abu ne da ba sai an faɗa ba. Na kuma tambayi kaina me ya sa na rubuta haka, kuma ina jin kunya ce ta hana ni, kada ka ce mutum mai 'ya'ya biyar yana kuka a kan kaset. To laifi na farko nawa ne, na yarda. Amma kai ma kana da kunne. Ka ce ba ka saurara ba kafin ka miƙa. Wata biyu fa, Tasi'u.

Na san yadda neman sunan shirin nan ya shiga ranka, don tare muka fara. Ka tuna 2003, da muka hau motar Kano muka je kafe, shagon intanet, a karon farko? Muka sayi awa ɗaya, muka matsu a kujera ɗaya, muna tsoron taɓa linzamin kwamfutar. Shafi yana saukowa daga sama a hankali kamar ana warware tabarma, kafin ya kai ƙasa an ɗauke wuta, a jira janareta. Ba mu san sunan shirin ba, ba mu san ƙasar da ta yi shi ba, sai muka rubuta da Turancinmu na sakandare cewa muna neman mutanen da suke neman ruwan sama da mutum mai kan tukunya. Muka samu wani dandali na masu son irin waɗannan finafinai, rubutu zalla babu hoto, muka bar tambayarmu. Bayan mako biyar muka koma, sai ga mutum huɗu daga ƙasashen da ba mu taɓa ji ba sun amsa, kowa da hasashensa, ɗaya har ya ba mu haƙuri don bai sani ba. Ka yi ta tsalle har mai kafe ya ce ka zauna. Da muka dawo muka ba Yaya labari, dariya kawai ya yi, ya ce ba za mu same shi ba. A lokacin na ɗauka raini ne. Yanzu na gane ya san dalili, mu labarinsa muke nema, ba nasu ba. Ina kewar wannan intanet ɗin, da mutum zai jira mako biyar don amsar baƙo kuma ya gode. Ta yanzu cikin daƙiƙa take ba ka amsa, ta share abin da ba ka ce ta share ba.

Na kalli kashi uku daga cikin waɗanda ka turo. Babu fari, babu gero. Ashe 'yan sandan sama ne suke bin ɓarayin wani dutse mai ƙyalli, Malam Dogo kuma ba wani dattijon arziki ba ne, mafaɗaci ne. Jirgin da muke jin tsoronsa, da launi ka ga kwali ne da fenti. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne guruf. Manyan mutane masu furfura a gemu, sun kwana biyu suna cewa ashe Fatihu zuƙi ya yi ta shirga mana, wani ya ce da yana raye da an ci shi tara. Kai ma ka sa fuskokin dariya guda biyar, na ƙirga. Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na sake rubutawa na goge. Wataƙila wasa ne kawai ni na ɗauke shi da zafi, haka Huseina ta ce, kuma takan fi ni gaskiya a irin wannan. Amma su waɗannan mutanen, wa ya hana su tashi a lokacin? Ana kiran magariba sai an kore su da tsumagiya. Ɗan shekara sha bakwai ne ya riƙe yara talatin da manya goma damina guda da bakinsa kawai.

Shekaranjiya Juma'a na kasa ci gaba da ɓoyewa. Bayan la'asar na kira Khaulat gindin darbejiya, na ce mata kaset bai dawo ba tukuna, amma ga shirin. Na kashe sautin wayar, na jingina ta da buta, na buɗe littafina na 1995, na fara fassara mata yadda babanta ya yi. Ban iya ba. Ina karantawa kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Inna tana bayanmu tana tsince wake, ita da a wancan lokacin take cewa kallon aljanu ne, ba ta taɓa zama ba. Sai ta ce ba haka yake yi ba. Ta ce Tukunya mai in'ina ne, kuma ba ya fara magana sai ya rantse, ta kwaikwaya mana, har Khaulat ta kwanta a tabarma don dariya. Ashe ta bayan danga take ji duk Asabar. Da dariyar ta lafa, Khaulat ta tambaya ko muryar babanta irin tawa ce ko irin taka. Na ce irin taka, siririya mai sauri. Inna ta ce a'a, mai kauri ce irin ta Baba. Muka kalli juna. Ni da na ji ta minti ɗaya wata uku da suka wuce, ita da ta haife shi, mun kasa daidaitawa. Khaulat ta tashi ta naɗe tabarma.

Don haka ga roƙona. Ranar da takardar nan ta iso, ka je shagon da ƙafarka, kada ka yi waya. Kaset ne baƙi, murfinsa ya tsage a kusurwa, kuma ba sunan shirin ne a jikinsa ba, rubutun ajami ne na Baba da jan biro, Wa'azi na Biyu. Mai shagon ba zai iya karantawa ba, sai ka duba da kanka, har kwandon shara da ƙarƙashin tebur. Ka tambaye shi kuma ko kwafin farko, kafin na'urar ta yi shara, yana nan a kwamfutarsa. In yana nan, ka ce muna son sa da tarin, da kukan akuya, da komai. Kada a gyara ko daƙiƙa ɗaya. Kaset ɗin kuma kada ka ba direba, ka damƙa wa Alhaji Tahir hannu da hannu, zai juyo ƙarshen wata.

Kashi na goma sha uku ban buɗe ba, kuma kada ka ba ni labarinsa. Ka tuna ranar da aka nuna shi batiri ya mutu, hoto ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama ɗigo, daidai lokacin da jirgin ke sauka a wata duniya mai gajimare. Yaya bai tashi ba, ya ci gaba da kallon baƙin gilashi yana faɗa mana abin da ke faruwa, har suka shuka geron aka yi ruwa. Ni a nan shirin ya ƙare.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Huseina tana gaida Ummu Salma, ta ce kuka da daddawar da ke cikin ledar da Alhaji Tahir zai ba ka nata ne. A shafa mini kan Maimunat da ƙannenta. Kawu Yahya ya ce ka manta da shi, ka kira shi ko don ya samu na faɗa. Allah ya jiƙan Baba da Yaya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In ka je aka ce babu, kada ka rubuta a guruf, kada ka gaya wa Inna. Ka kira ni ni kaɗai. Ni na yi wa Khaulat alkawari, ni zan tsaya a gabanta.

Yayanka,
Mika'ilu