Sunan da Ya Narke a Kan Kek

Tahaggart, Tamanrasset
11 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Yayata Gwamma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen gidanmu na Zango. Yaya jikin Inna? Mahamane direba ya ce mini ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida da sanda. Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ya ce an yi ruwan shuka a Damagaram, to Allah ya sa damina ta yi albarka. Mu nan lafiya lau muke. Maigidan yana nan yana aikin gini a wani sabon buro, wato ofis, da ake ɗagawa a hanyar kasuwa. Idrisa ya cika shekara huɗu, ya zama sarkin ɓarna. Ita kuma 'yar taku ta kusa gama aji biyu a lekkol, Larabci a bakinta sai ki rantse nan aka yanke wa kakanta cibi.

Yaya, takardar nan da hannuna na rubuta ta, ban ba kowa ba, don haka ki yi haƙuri da karkacewar layi. Ki karanta ke kaɗai, kada ki karanta a gaban Inna. Wani abu ne ya faru, kwana huɗu ke nan ina juya shi a raina, na rasa ko abin dariya ne, ko na kuka, ko kuwa abin kunya na tafka. A kan yarinyar nan ne, 'yar fari tawa.

Mutanen garin nan suna da wata al'ada da suke kira anibarsar. Idan ranar da aka haifi yaro ta zagayo, sai uwarsa ta gasa kek, ta shafe shi da wani farin man zaƙi, ta rubuta sunan yaron a kai, a kafa kyandir, yaran unguwa su taru su yi waƙa su cinye. Ni ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Mu da ko shekarunmu sai an ce shekarar fara ko shekarar da rijiya ta rufta, ina mu ina wannan? To watan jiya maƙwabciyarmu Khadijat, Balarabiya ce mai kirki, ta yi wa 'yarta. 'Yar taku ta je, ta dawo ta ɗauko takardar haihuwarta daga akwati, ta nuna mini da yatsa cewa tata ranar saura sati uku. Na ce ta mayar da takarda ta zo ta tsince mini shinkafa.

Da na ƙyale maganar, ba don abin da Khadijat ta tambaye ni ba. Muna shanya a bayan gida, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce in yi haƙuri, wai yarinyar nan 'yata ce ko riƙo aka ba ni. Na ce wace irin tambaya ce wannan, ni na ɗauki cikinta, ni na yi naƙudarta kwana biyu. Sai ta ce ai yarinyar ce da bakinta ta gaya wa 'yarta tana jin ba ni na haife ta ba. Dalilinta shi ne, tun da take ba ta taɓa jin na kira sunanta ba. Idrisa, Idrisa, sau ɗari a yini, ita kuwa sai ke, sai yarinyar nan, sai zo nan. Yaya, zanen da ke hannuna faɗuwa ya yi cikin ƙasa. Na yi ta ƙoƙarin bayyana wa Khadijat cewa mu ba ma faɗin sunan ɗan fari, kara ce, kunya ce, ba ƙi ba ne. Ta tambaye ni kunyar wa nake ji. A gida akwai Inna, akwai surukai, akwai ke da za ki ɗauke ta bayan yaye ki yi ta kiran sunanta kina yi mata wasa. Nan kuwa tun tana goye muka zo, ba kaka, ba gwaggo, ba wanda zai cike mata gurbin da na bari. Ashe shekara takwas ina yi wa mutanen da ba sa nan kara, ita kuma tana ƙirgawa.

Ranar nan na ce zan yi kek ɗin. Kin san ni da taurin kai, da Khadijat ta ce in bari ta yi mini, cewa na yi a'a. Macen da ke toya masa da alkaki ba za a ce garin alkama da ƙwai sun gagare ta ba. Ashe bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na farko na zuba yashi a tukunya na ɗora kwano a kai, na jera garwashi bisa murfi. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, tsakiyar kuwa kunu. Na biyu na sauke girman kai na kai gidan Khadijat, aka gasa a murhunta na gas mai akwati, ya tashi ɓul-ɓul, har na fara jin kaina. Sai ta ce ai gashi ba komai ba ne, ado shi ne aikin.

Farin man nan da suke shafawa, man shanu na kanti ne da sukari mai laushi kamar gari. Ni da ban ga dalilin sayen wani sukari daban ba, sai na zuba namu a turmi na daka. Na manta da safe na daka yaji a ciki. Na wanke turmin fa, Allah shaida, amma da Idrisa ya lasa sai da ya yi atishawa uku ya ce a ba shi nama. Na sake wani. Yarinyar ta ce ja-ja take so irin na 'yar Khadijat, na ce wannan mai sauƙi ne, na jiƙa zoɓo na tsiyaya ruwan a ciki. Maimakon ja sai ya tsinke ya koma wani launi da ban san sunansa ba, tsakanin toka da hanta. Har yau ban gane abin da zoɓo ya yi wa man shanu ba, ko abin da man shanu ya yi wa zoɓo.

Shafawar ma wani yaƙi ne. In na gyara gefen dama, na hagu ya zame. In na danna cokali, fatar kek ɗin ta biyo shi, ɓurɓushi ya cakuɗe da man. Maigidan ya dawo daga aiki ya same ni ina faɗa da faranti, ya tsaya yana kallo, ya ce matsalata ban san yaɓe ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki wuƙa, ya ce sai an fara shafa siriri a bar shi ya sha iska, sannan a bi da na biyu. Ki zo ki ga mutum yana rufe ido ɗaya yana auna gefen kek kamar katangar gwamna. Abin haushi kuma, nasa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ya ajiye wuƙa ya ce saura rubutu, wannan kuwa ba aikin magini ba ne, ya fice masallaci. Shi ma kin san bai taɓa faɗin sunan ba, gudu ya yi ya bar ni.

Khadijat ta koya mini a zuba man a leda a yanke bakin kusurwa, a riƙa matsawa yana fita kamar zare. Na gwada a kan tire. Na rubuta Idrisa, ya fito tsaf. Na rubuta Gwamma, na rubuta Damagaram da duk tsawonsa, ba inda hannuna ya yi gardama. Da na zo kan nata, Yaya, sai hannun ya ƙi tafiya. Na matsa da ƙarfi, leda ta fashe, man ya wanke mini gaban riga. Khadijat ta ce kawo in rubuta, minti ɗaya ne. Ashe yarinyar tana bakin ƙofa. Ta ce a'a, in ba uwarta ce za ta rubuta ba, a bar shi haka babu suna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, ta faɗa ne tana kallon ƙasa. Ni dai da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Ran Alhamis da hantsi na gasa na uku, na yi yaɓe yadda maigidan ya koya mini, na kori kowa daga ɗaki. Na bar leda, na yanka dabino siri-siri, na riƙa jera shi harafi bayan harafi da tsinke. Ina jerawa ina waiwaye kamar mai satar nama a tukunya, alhali ba kowa sai ni da ƙudaje. Da na gama na ja baya na duba, ga suna nan ɓaro-ɓaro, ni na rubuta. Na ce alhamdu lillahi, na fita kunyar yarinya, bakina kuma bai faɗi komai ba, na tsira ta ko'ina. Na kai gidan Khadijat ta sa a firigo don ya yi sanyi kafin la'asar.

Ashe an gudu ba a tsira ba. Da azahar aka ɗauke wuta a unguwar, ba wanda ya lura. Da yara suka taru a tsakar gida, su goma sha ɗaya, Larabawa da Buzaye da 'ya'yan Laure 'yar Maraɗi, aka ɗauko kek aka ajiye kan tabarma, sai na ga man ya narke yana gangarowa. Dabinon nan da na sha wahalar jerawa ya bi shi, wani ya yi gabas wani ya yi yamma, wani har ya sauka kan faranti. Ba malamin da zai iya karanta abin da ya rage. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka kafa kyandir takwas, biyu suka kwanta. Sai wata ƙaramar yarinya mai bakin tsiya ta leƙa, ta tambaya da ƙarfi me aka rubuta a nan. Khadijat ta juyo ta dube ni. Laure da ta san al'ada ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. 'Yar taku kuwa ba kek take kallo ba, ni take kallo.

Na faɗa, Yaya. A gaban Laure, a gaban yara, da rana tsaka, na faɗi sunan. Yarinyar ta ce na'am. Ba kiranta na yi ba, karatu nake, amma ta amsa, ta sake cewa na'am, sannan ta zo ta cusa kanta cikin zanena a gaban mutane, ni kuma na rasa inda zan sa hannuwana. Daga baya na ɗora su a kanta. Yara suka yi waƙarsu, aka hura kyandir, aka cinye kek da cokali don ba ya yankuwa. Laure ta ce mini a bakin ƙofa ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, amma idonta ya yi ja.

Tun ranar nan yarinyar ta ɓullo da sabuwar dabara. Sai ta fita ƙofar gida ta laɓe, in ce ke, shiru, in ce yarinyar nan, shiru, sai na kira sunan za ta shigo da gudu tana dariya. Sau biyu na kira, kowane sai na ji kamar Inna tana tsaye bayana. Ban sani ba ko na zubar da tarbiyyar da aka yi mana, ko kuwa idan kiɗa ya canja rawa ma canjawa take. Wani lokaci in ji na yi daidai, wani lokaci in ji kunya ta rufe ni. Maigidan da na gaya masa, tari ya yi ya ce a ƙaro masa shayi.

Ga abin da ya sa ke na rubuta wa, ba wani ba. Yaya, ke ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce Gwamma ba, sai waccan, sai babbar, kuma ban taɓa tunanin in tambaye ki ba sai yanzu. Ke kike ɗebo mata ruwa, ke kike matsa mata ƙafa, mu da ake kira da suna muka watse duniya. Kin taɓa laɓewa a bayan ƙofa kina jira? In kin taɓa, ki gaya mini gaskiya. In kuma ba ki taɓa ba, ki gaya mini yadda aka yi kika san tana son ki, don in san abin da na kasa nuna wa tawa.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ina neman albarka. Ki gaida maigidanki, da Kawu Illo, da Rabi'atu da jaririnta, da Hasan in ya dawo daga Agadas. Mahamane zai kawo miki dabino da shayi, dabinon irin wanda ya gudu daga kan kek ne, amma yana da daɗi. Maigidan yana gaishe ku, Idrisa ma haka.

Mas'uda tana gaishe ki. Kin ga, na rubuta, kuma wannan ba zai narke ba.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Suwaiba, uwar Mas'uda